Baba Yara: Ɗan Zangon da ya yi wa Ghana tashe, hanyar Kpeve ta kwantar da shi

A daren Juma'a 25 ga Maris 2022, lokacin da Black Stars ta Ghana da Super Eagles ta Najeriya suka tashi babu ci a wasan neman gurbin zuwa Katar, masu sauraron rediyo daga Kano zuwa Maradi, daga Yamai zuwa Garwa, sun yi ta jin ana maimaita sunan filin da aka buga wasan a Kumasi: Baba Yara. Duk mai jin Hausa ba ya bukatar a fassara masa wannan suna. Amma kaɗan ne a wajen Ghana suka san ko wane ne mai shi, ko kuma cewa kwana ɗaya kafin wannan wasa aka cika shekara 59 da hatsarin motar da ya raba shi da ƙwallo yana ɗan shekara 26 kacal.

Sunansa na yanka Osman Seidu, wato Usman Sa'idu a bakin Hausawan gabas. An haife shi a Kumasi ranar 12 ga Oktoba 1936, lokacin ƙasar tana Gold Coast a hannun Turawan Ingila. Kumasi ta wancan zamani tana da babban Zango, wanda mutanen Ghana ke kira Zongo, inda jikokin fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato suke zaune tare da Mosawa, Wangarawa, Dagwamba, Zabarmawa, Fulani da Yarbawa. Da yawa iyayensu sun gangaro kudu ne bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa babbar kasuwar goro ta arewa. Musulunci ya haɗa su a masallaci, Hausa ta haɗa su a kasuwa. Har gobe mutanen Zango, na Kumasi da na Accra, suna lissafa Baba Yara a cikin nasu.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne bai fara da ƙwallo ba. Da doki ya fara. Daga 1950 zuwa 1955 yana Accra, garin da tsofaffin fatake ke kira Ankara, yana hawan dawakan sukuwa a filin tseren da ke kusa da babban filin ƙwallo na birnin. Aikin mahayin tsere yana son ƙaramin jiki mara nauyi, da iya riƙe kai a kan abin da ke gudu, da rashin tsoro. Duk waɗannan sun yi masa rana daga baya a bakin layi.

A waɗannan shekaru ne unguwannin Zango na Accra suke cika suna batsewa. Nima, wadda Malam Amadu Futa ya kafa a farkon shekarun 1930 a matsayin mazaunin masu shanu, ta zama matattarar baƙi bayan Yaƙin Duniya na Biyu, inda tsofaffin soja da leburori da masu dafa abinci da masu gadi suka yi ta kafa gidajen laka da kwano. Maamobi na maƙwabtaka da ita tana bin sahu. Babu famfo, babu kwalbati, babu makarantun boko da za su ishi yara, amma akwai fegi ko'ina, kuma duk fegin da aka samu sai ka tarar an kafa duwatsu biyu an mai da shi raga. Ga yaron Zango na lokacin, ƙofofin da ke buɗe ba su da yawa: kasuwa, aikin soja ko ɗan sanda, barga, sai kuma ƙwallo.

Ci 7 da nema

A 1955 Baba Yara ya ajiye linzami ya koma garinsu, ya shiga Asante Kotoko. Ƙungiyar ta girme shi da shekara ɗaya tak, domin a 1935 aka kafa ta, kuma Sarkin Asante, Otumfuo Prempeh na Biyu, shi ne uban ƙungiyar. Tambarinta beguwa ce, dabbar da Asantawa suka ɗauka alamar yaƙinsu saboda in ka cire mata ƙaya ɗaya wata na fitowa. Ba ƙaramin abu ba ne ɗan Zango ya zama abin alfaharin ƙungiyar da ke ɗauke da martabar masarautar Asante a ka.

A wannan shekarar ce kuma aka kira shi ƙungiyar ƙasa. Tsakanin 1951 da 1959 Gold Coast da Najeriya kan kara kusan kowace shekara a kan kofin Jalco, wannan karon a Accra, wancan a Legas. Karon 1955 a Accra aka yi, kuma Gold Coast ta lallasa Najeriya da ci 7 da nema. Marubuta tarihin wasannin Ghana sun rubuta cewa sabon yaron da ya sa riga mai lamba 7 shi ya ci biyu, kuma shi ya shirya huɗu daga cikin sauran. Har yau ba a taɓa yi wa Najeriya cin da ya fi wannan muni ba, abin da 'yan Ghana ba sa gajiya da tuna wa maƙwabtansu.

Wurinsa shi ne gefen dama. A tsarin wasan wancan lokaci ana jera 'yan gaba biyar, kuma aikin na gefe shi ne ya manne da layi, ya yanke ɗan baya, ya tsere masa, ya ɗago ƙwallo ta sauka a kan mai cin raga. Gwanin duniya a wannan fanni a lokacin shi ne Stanley Matthews na Ingila, wanda ya zo Ghana a 1957 bisa gayyatar Hearts of Oak har aka naɗa shi sarautar ƙwallo a Accra. 'Yan kallon Ghana sun ga Matthews da idonsu, don haka da suka laƙaba wa Baba Yara sarkin 'yan wasan gefe na Afirka ta Yamma, sun san abin da suke auna shi da shi. A Kotoko yana dama, Mohammed Salisu yana hagu, Wilberforce Mfum yana tsakiya yana jiran abin da za su aiko masa. Kotoko ta ɗauki kofin ƙalubale na farko a 1958 bayan ta doke Hearts of Oak, ta kuma lashe gasar lig a 1959. Sau biyu ana zaɓen Baba Yara gwarzon ɗan ƙwallon Ghana na shekara.

Sai dai a daidai lokacin da filin wasa ke yi wa ɗan Zango tafi, siyasa tana nuna wa Zango yatsa. Yawancin shugabannin Musulmin Kumasi sun bi jam'iyyar Muslim Association Party, wadda ta haɗa kai da 'yan adawar Asante a kan jam'iyyar CPP ta Kwame Nkrumah. Wata biyar bayan samun 'yancin kai a Maris 1957, gwamnati ta kori manyan mutane biyu na Zangon Kumasi, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, zuwa Najeriya, da hujjar cewa ba 'yan ƙasa ba ne. Sun garzaya kotu suna cewa a Ghana aka haife su, sai majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu a jiki don a rufe shari'ar. A irin wannan yanayi ne wani saurayi mai suna Osman Seidu yake sa rigar ƙasa ana rera masa take.

Ƙungiyar shugaban ƙasa

Nkrumah ya ɗauki ƙwallo da muhimmancin da shugabannin Afirka kaɗan ne suka ba ta. A ganinsa, in baƙar fata ya doke Bature a fili a gaban jama'a, ya yi abin da jawabi ɗari ba zai yi ba. Mutumin da ya damƙa wa wannan aiki shi ne Ohene Djan, wanda ya karɓi shugabancin hukumar ƙwallo a 1957 yana matashi, ya tsara gasar lig ta ƙasa baki ɗaya a 1958, sannan a 1960 aka naɗa shi daraktan wasanni na ƙasa. An sa wa ƙungiyar ƙasa suna Black Stars. An kuma ƙirƙiro kofin zinare mai sunan Nkrumah don ƙasashen Afirka ta Yamma, wanda Ghana ta yi ta ɗauka.

A 1961 Djan ya zo da dabarar da ta canza rayuwar Baba Yara. Aka kafa sabuwar ƙungiya a Accra mai suna Real Republikans, sunan da aka kwaikwayo daga Real Madrid, kuma kowa ya san ta da laƙabin ƙungiyar Osagyefo, wato ta shugaban ƙasa da kansa. Maimakon ta raini 'yan wasanta, sai aka umarci manyan ƙungiyoyin ƙasar kowace ta ba da biyu daga cikin gwanayenta. Hujjar ita ce in fitattun 'yan wasa suna atisaye tare kullum, suna buga lig tare kowane mako, to ƙungiyar ƙasa za ta fito a ɗinke. Daga Kotoko aka ɗauki Baba Yara da ɗan baya Dogo Moro. A Accra suka haɗu da irin su Addo Odametey, Edward Acquah, Aggrey Fynn da mai tsaron gida Dodoo Ankrah.

Kumasi ta tafasa. Ga magoya bayan Kotoko, wannan ba maganar ƙwallo ba ce kawai: gwamnatin da ta karya 'yan adawar Asante ta rage wa sarakunansu ƙarfi, yanzu ta miƙo hannu ta ɗauke musu abin da suke taƙama da shi ranar Lahadi. An yi ta tayar da jijiyoyin wuya har da barazanar ƙaurace wa gasar, amma a ƙarshe umarnin sama ne ya yi aiki. In za a faɗi gaskiya, kowane ɓangare na da abin kamawa. Dabarar ta haifar da ƙungiyar ƙasa mafi ƙarfi a Afirka a wancan zamani. Amma kuma ta mai da gasar cikin gida tamkar kokawar da aka ɗaure wa ɗaya hannu, ta kuma sa Republikans ta zama ƙungiyar da ke cin kofi ba tare da ta ci zuciyar jama'a ba. Shi kuwa ɗan wasa, a tsarin da hukuma ɗaya ke riƙe da lig da ƙungiyar ƙasa da tafiye-tafiye waje, ba ya da bakin cewa a'a.

Ga mutanen Nima da Maamobi da Sabon Zango, komawar Baba Yara Accra riba ce. Wanda a da sai dai su ji labarinsa a rediyo ko su jira Kotoko ta zo gari, yanzu yana taka leda a filin da ƙafa ma za ta iya kai su.

Ranar 19 ga Agusta 1962 aka ga amfanin shirin Djan. Real Madrid, wadda ta ɗauki kofin zakarun Turai sau biyar a jere daga 1956 zuwa 1960, ta sauka Accra da Alfredo Di Stefano da Ferenc Puskas da Francisco Gento. Black Stars, da Baba Yara a gefen dama, ta riƙe ta 3 da 3 a gaban Nkrumah. A kakar 1962 zuwa 1963 Republikans ta lashe gasar lig, ta kuma ɗauki kofin ƙalubale sau huɗu a jere daga 1962 zuwa 1965. Ghana na shirin karɓar baƙuncin gasar cin kofin Afirka a ƙarshen 1963, kuma babu wanda ke tantama a kan wanda zai sa lamba 7.

Kwanar Kpeve

Ranar Lahadi 24 ga Maris 1963 Republikans ta je Kpandu a yankin Volta, ta doke Volta Heroes da ci 5 da nema a wasan lig. Irin wannan tafiya na daga cikin abin da sabuwar gasar ƙasa ta kawo: manyan 'yan wasa suna kai ƙwallo har ƙananan garuruwa, a kan hanyoyin da ba a gina su don gaggawa ba. A kan hanyar dawowa Accra, a yankin tsaunukan Kpeve, motar da ke ɗauke da su ta ƙwace a wata kwana ta bar titi. 'Yan wasa da dama sun ji rauni, amma sun warke sun koma fili. Baba Yara ne ya samu rauni a laka.

An kai shi asibitin soja na 37 da ke Accra, wanda ke dab da Nima, daga nan gwamnati ta sa aka ɗauke shi a jirgi zuwa asibitin Stoke Mandeville a Ingila tare da rakiyar likitan fiɗa. Ba za a ce an yi masa rowa a nan ba, domin a lokacin babu inda ya fi wannan asibiti sanin ciwon laka a duniya. Likita Ludwig Guttmann ne ya buɗe sashen a 1944 don sojojin da suka ji rauni a yaƙi, kuma wasannin da ya fara shirya wa majinyatansa a 1948 su ne suka zama gasar nakasassu ta duniya da aka sani yau. Amma ko a can, abin da likita zai iya shi ne ya hana gyambon kwanciya da ciwon mafitsara su kashe majinyaci, ya koya masa zama da keke. Lakar da ta tsinke ba ta ɗinkuwa, a wancan zamani da ma yanzu.

'Yan Ghana sun yi ta sa rai zai dawo da ƙafarsa. Ranar 14 ga Agusta 1963 jirgi ya sauke shi a Accra a kan keken guragu.

Wata uku da rabi bayan haka, ranar 1 ga Disamba, abokan wasansa suka doke Sudan da ci 3 da nema a Accra, Ghana ta ɗauki kofin Afirka karo na farko a ƙarƙashin mai horarwa C.K. Gyamfi, Aggrey Fynn na riƙe da kambun kyaftin. An gina wannan tawaga da shi a ciki, an ɗaga kofin ba shi. A 1965 suka sake ɗauka a Tunisiya, inda Osei Kofi, wanda ya gaji gefen dama a Kotoko da Black Stars, ya yi fice. A farkon wannan shekarar kuma Republikans ta wakilci Ghana a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka ta farko, wadda aka ƙarƙare a Accra, amma Oryx ta Douala ta fitar da ita a wasan kusa da na ƙarshe, kafin ta doke Stade Malien ta Bamako ta tafi da kofin Kamaru.

Ranar 24 ga Fabrairu 1966 soja da 'yan sanda suka hamɓarar da Nkrumah yana kan hanyar zuwa Hanoi. Duk abin da ke ɗauke da ƙamshinsa aka bi shi da gatari. An sauke Ohene Djan, an rushe Real Republikans, 'yan wasanta suka watse zuwa tsofaffin ƙungiyoyinsu. Shekara biyar kawai ta yi a duniya. Ƙungiyar da ke da magoya baya tana iya faɗuwa ta tashi, kamar yadda Hearts of Oak take tun 1911, amma wadda gwamnati ce uwarta da ubanta, ranar da gwamnatin ta faɗi ranar ake yi mata jana'iza. Mutumin da ya karye a bakin aikinta ya wayi gari babu ƙungiyar, babu daraktan da ya kawo shi Accra, babu shugaban da aka yi abin dominsa.

Ya ƙara shekara uku a kwance. Allah ya yi masa rasuwa ranar Litinin 5 ga Mayu 1969 a asibitin Korle Bu da ke Accra, yana da shekara 32. Shekara takwas ya yi yana wasa a matakin ƙoli, shida yana jinya.

Bayan rasuwarsa

Wata shida da rasuwarsa, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice daga ƙasar. Fiye da mutum dubu ɗari suka kama hanyar Najeriya, Nijar, Togo, Mali da ƙasar da ake kira Burkina Faso a yau. A Nima da Zangon Kumasi an sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, kuma cikin waɗanda suka hau manyan motoci akwai waɗanda a Ghana aka yanke musu cibiya, ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. Akwai gidaje a Kano da Zariya da Maradi da har yau ake danganta su da wannan dawowa. A 1983 Najeriya ta rama da korar 'yan Ghana kusan miliyan ɗaya, kuma a nan ma talaka ne ya ɗauki kaya a ka.

Waɗanda suka rage a Zango ba su daina buga ƙwallo ba. A Ghana akwai gasar yara ta unguwanni da ake kira kolts, inda ƙananan ƙungiyoyi ke karawa bisa rukunin shekaru, ana lissafa maki a teburi kamar na manya, a filayen da babu ciyawa ko ƙwaya ɗaya. Masu riƙe da su yawanci mutanen unguwa ne da ke sayen riguna da ƙwallo daga aljihunsu. Daga irin waɗannan filaye na Nima Mohammed Polo ya fito, wanda ya zama gwanin yanka a Hearts of Oak tare da Anas Seidu da Mama Acquah. Shi da Abdul Razak na Kumasi suna cikin tawagar da ta ɗaukar wa Ghana kofin Afirka na uku a 1978, shekara tara bayan korar baƙi, kuma a wannan shekarar aka zaɓi Razak gwarzon ɗan ƙwallon Afirka. Mohammed Kudus, wanda ya ci Koriya ta Kudu ƙwallo biyu a Katar a 2022, shi ma a Nima ya fara, a ƙaramar ƙungiyar Strong Tower, kafin makarantar Right to Dream ta ɗauke shi. Kowane yamma a filin Kawukudi ana iya ganin masu bin bayansu cikin ƙura.

Sunan Baba Yara kuwa ya daɗe a bakin tsofaffi kawai, domin ya yi wasansa kafin talabijin ta zo Ghana a 1965, kuma abin da ya rage na ganin ido 'yan hotuna ne marasa launi. Sai a 2004, a zamanin shugaba John Kufuor, wanda shi kansa tsohon shugaban Kotoko ne, aka sa sunansa a filin wasa na Kumasi. Filin an buɗe shi a 1959, shekarar da ya ci wa Kotoko lig, yana ɗaukar mutum sama da 40,000, kuma shi ne gidan ƙungiyar da aka raba shi da ita a 1961. A nan Ghana ta yi wa Masar ci 6 da 1 a Oktoba 2013.

A daidai wannan lokaci aka sa wa filin wasa na Accra sunan Ohene Djan. Wasu daga cikin ƙabilar Ga, masu garin, suka ƙi yarda a sa sunan wanda ba ɗan Accra ba a filin da ke kan ƙasarsu, kuma bayan 'yan shekaru hukumar birnin ta cire shi. A Kumasi, sunan da ke kan ƙofar filin Asantawa har yanzu na ɗan Zango ne.